Yadda Ake Shan Maganin Sassauta Tsoka Ba Tare Da An Cutu Ba

Bara da kaka yayana, wanda yake sana'ar hatsi, ya sunkuya zai gyara wani buhun masara da ya zame daga kan tari, sai ya ji ƙugunsa ya riƙe kamar an datse shi da filaya, kuma daga nan bai iya miƙewa ba sai da yaran shago biyu suka tallafe shi zuwa kan benci. Likitan da ya duba shi ya danna nan ya danna can, ya sa shi ya ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye shi yadda yake fitsari da bayan gida, sannan ya ce ƙashi lafiya lau yake, tsoka ce ta ɗaure, ya rubuta masa methocarbamol na kwana biyar tare da maganin zogi. Washegari da hantsi ya ji dama-dama, sai ya haɗiye ƙwayoyinsa ya hau babur ya nufi kasuwa. Bai yi nisa ba danja ta tsayar da shi, yana jira gyangyaɗi ya ɗauke shi, babur ya kwanta da shi, ya kuje gwiwa, salansa kuma ta ƙone masa ƙwauri. Da na je duba shi na ce, "Yaya, likita bai hana ka tuƙi ba?" Sai ya ce, "Ya hana mana, amma ni na ɗauka maganin baya ne, me ya haɗa baya da ido?"

Amsar wannan tambaya tasa ita ce tushen duk ƙa'idojin shan irin wannan magani. Sunan da aka ba shi yana sa mutum ya zaci ƙwayar za ta bi jini ta je daidai inda tsokar ta ɗaure ta warware ta, alhali methocarbamol da akasarin 'yan uwansa ba sa taɓa tsokar kanta. Aikinsu a ƙwaƙwalwa da laka yake, inda suke rage kaifin saƙonnin da jijiyoyi ke aikawa, shi ya sa tsokar ke saki, kuma ta wannan hanyar ce ido ke nauyi, kai ke juyawa, hannu da ƙafa ke jinkirin amsa umarni. Saboda haka barcin da maganin ke sawa ba wani aibi ne da ya faɗo daga gefe ba, yanki ne na yadda yake aiki, kuma wanda ya riƙe wannan zai iya gano mafi yawan hane-hanen da kansa tun kafin a karanta masa su.

Magungunan da ake kira masu sassauta tsoka suna da yawa, kuma ba halinsu ɗaya ba. Methocarbamol, wanda aka fi sani da sunan Robaxin kuma aka amince da shi a Amurka tun 1957, da orphenadrine, wanda ake sayarwa da sunan Norflex, su ne aka saba rubutawa saboda ɗaurewar baya, riƙewar wuya da targaɗen da bai daɗe ba. Baclofen da tizanidine an fi ba masu sandarewar gaɓoɓi sakamakon shanyewar ɓarin jiki ko raunin laka, ko da yake wasu likitoci suna rubuta tizanidine saboda ciwon baya ma. Zan fi tsayawa a kan methocarbamol, in riƙa kawo sauran a duk inda suka saɓa da shi.

Kafin ƙwaya ta farko

Matakin farko shi ne ka tabbata ciwon na tsoka ne, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake cewa sai da takardar likita, domin akwai cututtuka masu kisa da suke shigowa da kamannin ɗaurewar tsoka. Wuyan da ya sandare tare da zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, amai ko gudun haske, musamman a lokacin zafi daga Fabrairu zuwa Mayu, sanƙarau ake fara zargi, kuma kowace awa da aka ɓata ana jiran ƙwaya ta yi aiki tana rage damar tsira. Muƙamuƙin da ya datse 'yan kwanaki bayan taka ƙusa, sarar fartanya ko wani rauni mai datti yana nuna tetanus, wadda sai a gadon asibiti ake jinyarta. Ciwon bayan da ya yi makonni yana ƙaruwa tare da rama, zufar dare da zazzaɓin yamma yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashin baya, haka kuma ciwon gefen ƙugu mai zuwa da zafin fitsari yana iya zama daga ƙoda. Mai sikila da bayansa ya tashi yana buƙatar kulawar da ya saba samu a asibitinsa. Alamomin da ba sa jiran gari ya waye su ne mutuwar fata a tsakanin cinyoyi da mazaunai, kasa yin fitsari ko zubarsa ba da sani ba, kuɓucewar bayan gida, da ƙafar da ke ƙara rasa ƙarfi har mutum yana jan ta. Waɗannan suna nuna an danne jijiyoyin ƙarshen laka, kuma sau da yawa tiyatar gaggawa ce kaɗai ke hana nakasa ta dindindin.

Idan likita ya tabbatar tsoka ce, to saura kai ka faɗa masa gaskiyar abin da ke jikinka da abin da ke aljihunka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zuba duk magungunan da kake sha a leda ka tafi da su, har da na gargajiya, jiƙo da tsimi, da haɗin gajiyar da ake ƙulla maka a kemis, domin likita ba zai iya kauce wa abin da bai gani ba. Ka sanar da shi idan kana da ciwon hanta ko na ƙoda, saboda hanta ce ke sarrafa maganin, ƙoda kuma ke fitar da shi, kuma idan ɗayansu ta gaza sai ya taru a jini. Ka faɗa idan kana da farfaɗiya, ko cutar raunin tsoka da likitoci ke kira myasthenia gravis, ko wata matsalar numfashi, ko kuma ka taɓa yin ƙuraje da kumburi bayan shan wani magani. Mace mai juna biyu, ko wadda take sa ran samu, ko mai shayarwa, ta faɗa tun kafin a ɗauki biro, domin ba a tabbatar da amincin methocarbamol ga ɗan tayi ba kuma ana kauce masa musamman a watannin farko. Yara ma ba a ba su shi a gida, kuma takardar da ke rakiyar maganin a Amurka ta ce ba a tabbatar da amincinsa ga wanda bai kai shekara 16 ba.

Orphenadrine yana da nasa ƙarin sharuɗɗan, saboda yana busar da jiki yana kuma rage motsin hanji da mafitsara. Ba a ba mai hawan jinin ido, wato gilakoma, kuma ba a ba dattijon da ke fama da kumburin furostet, wanda fitsarinsa ke fita da ƙyar yana tashi sau uku ko huɗu a dare, domin ƙwaya biyu kacal na iya toshe masa fitsari gaba ɗaya har sai an sa masa roba. Maza da yawa suna jin nauyin ambaton wannan a gaban likita, musamman idan likitar mace ce ko kuma ɗa ne ya rako su, amma kunyar minti ɗaya ta fi sauƙi a kan kwana da mafitsara a cike.

Daga nan sai wurin saye. A Najeriya ƙananan shagunan magani da ake kira kemis ba su da izinin sayar da magungunan da sai da takardar likita, saboda haka ka nemi babban kantin magani mai rajista inda akwai ƙwararren mai harhaɗa magunguna da za ka iya yi wa tambaya. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali, ka kuma ƙi karɓar ƙwayoyin da aka ɓare aka ƙulla a leda ba suna. A nan dole in ambaci carisoprodol, wanda shi ma maganin sassauta tsoka ne amma jiki yana juya shi zuwa wani sinadari mai kama mutum ya kasa bari, abin da ya sa hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a dakatar da sayar da shi a 2007, Amurka kuma ta sa shi cikin magungunan da ake sa wa ido tun 2012. A watan Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya nuna yadda ake haɗa shi da tapentadol, mai ƙarfi irin na dangin tramadol, ana shigo da shi Najeriya, Gana da Kwaddibuwa da sunaye irin su Tafrodol, kuma bayan fitar rahoton Indiya ta haramta haɗawa da fitar da shi. Duk wanda ya miƙo maka irin wannan a tasha ko a bakin kasuwa da sunan maganin ciwon jiki, ka sani ba abin da likita ke nufi ba ke nan.

Yadda za ka sha shi

Methocarbamol yana zuwa a ƙwaya mai miligiram 500 ko 750, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa ya rikita mutum, domin wanda aka ce ya sha uku na 500 idan aka ba shi na 750 ya sha uku, ya zarce abin da aka nufa da rabi. Ka karanta adadin da ke jikin katin ka gwada shi da abin da ke takardar tun kana gaban kanta. Abin da aka saba rubuta wa baligi shi ne miligiram 1500 sau huɗu a rana a kwana biyu ko uku na farko, sannan a sauko zuwa kusan miligiram 4000 a yini, amma likitoci da yawa suna farawa da ƙasa da haka gwargwadon shekaru, nauyi da lafiyar mutum, wasu ma da dare kawai suke cewa a sha. Na kawo waɗannan alƙaluma ne domin ka iya gane kuskure idan ya faru, amma abin da likitanka ya rubuta shi ne naka, kuma wanda aka rubuta wa maƙwabcinka nasa ne ko da ciwonku ya yi kama.

Idan akwai hali, ka sa shan farko ya zama da dare, a gida, lokacin da babu inda za ka, domin ka ga yadda jikinka zai karɓe shi. Yakan fara aiki cikin kusan rabin awa, kuma ba ya daɗewa a jini, shi ya sa ake rarraba shi a yini. Wanda aka ce ya sha sau huɗu zai iya ɗaura lokutan a kan abin da ba ya mantawa, misali bayan sallar asuba, da azahar, da gab da magariba, da lokacin kwanciya. Ka haɗiye shi da cikakken kofin ruwa, kuma idan yana tayar maka da zuciya ka sha shi bayan ka ci wani abu, ko da koko da ƙosai ne. Idan ka manta wani lokaci, ka sha da zarar ka tuna, sai dai idan na gaba ya kusa, to sai ka bar wanda ya wuce ya wuce, kada ka haɗa biyu wuri ɗaya da sunan ramuwa. Norflex kuwa miligiram 100 ne safe da yamma, kuma an yi ƙwayar ne ta riƙa narkewa a hankali, saboda haka ba a tauna ta, ba a raba ta, ba a daka ta a zuba a kunu, domin yin haka yana sakin abin da ya kamata ya ɗauki awa goma sha biyu a lokaci ɗaya.

Mai azumi yana da tambaya ta musamman, tunda maganin da ake sha sau huɗu ba ya shiga tsakanin buɗa-baki da sahur ba tare da an matse shi ba. Kuskuren da ake yi shi ne a tara na rana a haɗiye da magariba, sai mutum ya tashi sallar tarawihi ƙafafu na rawa. Ka gaya wa likita kana azumi, domin yana iya sauya maka zuwa wanda ake sha sau biyu ko ya mayar da shi na dare kaɗai, idan kuma ciwon ya yi tsananin da ba zai yiwu ba, sauƙin da aka yi wa majinyaci na ya sha ya rama yana nan a cikin Suratul Baƙara.

Tuƙi da duk aikin da kuskuren daƙiƙa ɗaya ke jawo asara su ne babban hani. Mota, babur, A Daidaita Sahu, injin niƙa, injin yankan katako, hawa tsani ko bene a wurin gini, shiga rijiya, girki a kan gas ko murhu da yaro a goye, duk a ajiye su har sai an kwana biyu an ga yadda maganin ke yi, kuma idan akwai ko ɗan nauyin ido a ci gaba da ajiye su har a gama sha. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wanda maganin ya kama ba ya jin kansa a buge, yana ganin garau yake, sai dai taka birkin da yake yi cikin ƙiftawar ido yanzu yana ɗaukar ƙiftawa biyu. Na san direban haya da abincin gidansa ke kan fitar yau ba zai ji daɗin wannan magana ba, kuma shawarar da zan ba shi ita ce ya faɗa wa likita sana'arsa ƙarara, domin a tsara masa shan dare kawai ko a bar shi da maganin zogi da gashi, kada garin neman gira a rasa ido.

Abin da ba a haɗa shi da shi

Tunda maganin yana danne ƙwaƙwalwa, duk wani abu mai danne ta idan ya haɗu da shi ƙarfinsu taruwa yake yi, kuma cibiyar da ke sarrafa numfashi ita ma a ƙwaƙwalwar take. Giya da burukutu da wiwi suna cikin wannan sahu, haka tramadol da kodin, har da maganin tari mai kodin da gwamnatin Najeriya ta hana shigowa da haɗawa a 2018, haka diazepam da sauran magungunan barci. Waɗanda aka fi mantawa su ne na gida da ba a ɗauke su komai ba, wato Piriton da ake sha saboda mura da ƙaiƙayi, promethazine na amai, da magungunan mura masu sa barci. Mutum zai sha na baya da magariba, ya ƙara da na mura da isha'i, ya ce zai samu barci mai daɗi, sai iyalinsa su wayi gari suna jijjiga shi yana amsawa da ƙyar.

Akwai haɗuwa guda da nake so kowa ya haddace, saboda yadda ake shan ciprofloxacin a ƙasar nan da sunan maganin taifot, sau da yawa ba tare da gwaji ba. Ciprofloxacin yana hana hanta sarrafa tizanidine, har adadinsa a jini ya ninka kusan sau goma, jini ya faɗi warwas, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Masu yin maganin da kansu sun haramta haɗa su. Duk wanda yake shan tizanidine, wanda ake sayarwa da sunan Sirdalud, idan zazzaɓi ya kama shi ya fara faɗin haka kafin a ba shi komai, haka ma mai shan maganin hawan jini ya riƙa auna jininsa a kwanakin farko.

Sai kuma lissafin paracetamol. Wasu magungunan sassauta tsoka an riga an cakuɗa su da maganin zogi a ƙwaya ɗaya, kamar Norgesic da aka saba gani a kasuwanninmu, wanda kowace ƙwaya tana ɗauke da orphenadrine miligiram 35 da paracetamol miligiram 450. Wanda yake shan biyu sau uku a rana ya riga ya sha miligiram 2700 na paracetamol, idan kuma ya ƙara da Panadol biyu sau uku saboda ciwon kai, ya ɗora 3000 a kai, jimla 5700 ke nan, alhali iyakar baligi mai lafiya 4000 ce a yini, kuma hanta ba ta kuka sai ta riga ta ji rauni. Ka karanta jerin sinadaran da ke bayan kwali, domin suna ɗaya yana iya ɗaukar haɗi daban a wata ƙasa. Idan kuma an haɗa maka da diclofenac, ibuprofen ko naproxen, ka sha su bayan abinci, ɗaya kawai daga cikinsu, ka kuma sanar da likita idan kana da olsa, ciwon ƙoda ko hawan jini.

Abin da za ka gani a jikinka

Gyangyaɗi, jiri, ɗan ciwon kai, tashin zuciya, toshewar hanci da ganin hazo-hazo su ne aka fi samu, kuma yawanci suna raguwa bayan kwana biyu. Idan za ka tashi daga kwance, ka fara zama a bakin gado ka ƙirga zuwa talatin kafin ka miƙe. Methocarbamol yana iya sauya launin fitsari zuwa ruwan ƙasa, baƙi ko kore-kore, musamman idan ya jima a ajiye a fo, kuma wannan shi kaɗai ba cuta ba ne, yana wucewa da an daina sha. Sai dai a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro, shawara da sikila suka yi yawa bai kamata a jingina kowane baƙin fitsari ga magani ba. Idan ya zo da zazzaɓi, ko idanu suka yi ruwan ɗorawa, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, to a daina sha a tafi asibiti a ranar.

Mai shan orphenadrine zai ji bakinsa ya bushe, cikinsa ya ɗaure, wani lokaci gabansa na bugawa da sauri, kuma zufarsa za ta ragu. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, domin jikin da ba ya zufa ba shi da hanyar huce kansa. Ya yawaita shan ruwa, ya nemi inuwa, ya bar aikin rana har ya gama maganin.

Alamomin da ke sa a daina nan take a nufi asibiti su ne kumburin leɓe, harshe ko fuska, ƙuraje masu bazuwa da ƙaiƙayi, sarƙewar numfashi, suma, jijjiga, ruɗewa da sambatu, da kasa yin fitsari. Idan aka samu wanda ya sha fiye da ƙima, ko yaro ya kai hannu ga katin, ko aka kasa tayar da mutum daga barci kuma numfashinsa ya yi ƙasa, a kwantar da shi a kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi, a ɗauki kwalin maganin a tafi da shi asibiti mafi kusa. Kada a ɗura masa madara, manja ko ruwan gishiri, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro, kada kuma a ce bari a ga abin da hali zai yi zuwa safe. Orphenadrine musamman yana da haɗari ƙwarai a wannan fanni, domin giram biyu zuwa uku, wato ƙwaya ashirin zuwa talatin na Norflex, suna iya kashe baligi, yaro kuwa kaɗan daga ciki sun ishe shi.

Tsofaffi sun cancanci a tsaya a kansu. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta sa methocarbamol, orphenadrine da carisoprodol a jerin magungunan da ya fi kyau a kauce wa ba waɗanda suka kai shekara 65, saboda ruɗewa da faɗuwa da karaya. Ka ɗauki tsohuwar da ta sha ƙwaya da isha'i, ta tashi kafin asuba cikin duhu ba wuta, ta ɗauki buta ta nufi banɗakin da simintinsa ke da santsi. Karayar ƙugu a wannan shekaru takan kwantar da mutum kwanciyar da ba ya tashi daga ita. Idan likita ya ga dole sai an ba ta, to a rage adadin, a ajiye mata fitila da fo a kusa da gado, wani ya kwana a ɗakin, kuma ɗa ko jika ne zai riƙe katin yana ba ta da hannunsa. Yawan tambayar "Inna, kun sha maganinku?" ba ya wadatarwa, domin wadda maganin ya sa ta mantuwa za ta iya cewa ba ta sha ba alhali ta sha, sai a ƙara mata.

Kwana nawa, kuma me ake yi a cikinsu

Waɗannan magunguna na gajeren zango ne, daga 'yan kwanaki zuwa mako biyu, in ya yi tsawo uku. Amfaninsu ma, a gaskiya, bai kai yadda ake zato ba. A wani gwaji da aka wallafa a 2018, wanda aka yi a kan mutum 240 da suka je sashen gaggawa a birnin New York da sabon ciwon baya, waɗanda aka ƙara wa methocarbamol ko orphenadrine a kan naproxen ba su fi waɗanda suka sha naproxen da ƙwayar da babu magani a cikinta samun sauƙi ba bayan mako guda. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma, a ƙa'idojin da ta fitar a ƙarshen 2023 kan ciwon bayan da ya wuce wata uku, ta ce kada a mayar da magungunan sassauta tsoka abin bayarwa yau da kullum. A ganina inda suka fi amfani shi ne daren farko da na biyu, lokacin da ɗaurewar ke hana mutum juyi a kan shimfiɗa, domin su ba shi barci da damar fara motsi.

Motsin kuwa shi ne ainihin jinyar. Kwanciya ta kwana da kwanaki tana ƙara sandarar da baya, saboda haka tun daga rana ta biyu ka riƙa zagaya tsakar gida na minti biyar zuwa goma sau da yawa a yini, kana ƙarawa a hankali. Ka gasa wurin da tawul da ruwan ɗumi na minti goma sha biyar zuwa ashirin, amma ka gwada zafin da bayan hannunka, kuma kada ka yi barci da robar ruwan zafi a jikinka, domin wanda magani ya nauyaya wa barci yana iya ƙonewa bai farka ba. Tausa mai sauƙi da man zafi ba laifi, amma a bar taka baya da ƙafa da murɗa wuya har ya yi ƙara. Idan ruku'u da sujada suna tayar da ciwon, ka yi sallarka a zaune na 'yan kwanaki. Wanda ciwon ke yawan dawo masa ya nemi a tura shi sashen gashi na asibiti, inda za a koya masa atisayen ƙarfafa baya da yadda ake ɗaga kaya da gwiwa a lanƙwashe, kayan kuma a manne da jiki.

Wajen dainawa ma akwai bambanci. Wanda ya sha methocarbamol na kwana biyar ko bakwai zai iya tsayawa da ya gama ba tare da wata matsala ba. Baclofen da tizanidine kuwa, ga wanda ya yi makonni ko watanni a kansu, ba a yanke su rana ɗaya, domin yanke baclofen farat ɗaya yana iya kawo jijjiga, gane-gane da sandarewa fiye da ta farko, tizanidine kuma yana iya sa jini ya hau zuciya ta riƙa gudu. Iyalan da ke jinyar mai shanyewar ɓarin jiki su lura da wannan sosai, su sayi na gaba tun saura na mako guda, kada maganin ya ƙare ranar Juma'a da yamma ko ana tsakiyar hutun salla, kuma idan kuɗi ne suka yanke su gaya wa likita domin ya tsara yadda za a sauko da shi a hankali.

Idan mako guda ya cika babu wani sauƙi, ko ciwon ya fara sauka ƙafa yana tsira kamar lantarki, ko ka lura kana neman ƙwayar saboda barcin da take sa ka ba saboda bayan ba, ka koma wurin likita maimakon ka je ka sake saye da tsohuwar takarda. Abin da ya rage a katin kuma kada ya zama na kyauta ga abokin aiki ko na ajiya saboda gaba. Ka bar shi a cikin kwalinsa, a wuri mai sanyi da bushewa da hannun yaro ba ya kaiwa, ba a aljihun mota ko kan taga inda rana ke dukansa ba, sannan ka mayar da shi kantin da ka saya ka tambaye su yadda za a zubar da shi.